Takardar Kiranye Da Ƙofar Kansila

Ina so mu duba wata kalma da ta yawaita a bakin samari, watau kiranye. Duk sa'ad da wakili ya ɓata wa jama'a rai, sai ka ji ana cewa a tara hannu a komo da shi gida. To, kafin mutum ya dangwala yatsa a takarda, ya kamata ya san zurfin rijiyar da zai zura wa guga.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 69 da na 110, ya yarda a yi wa sanata da ɗan majalisar wakilai da na majalisar jiha kiranye. Amma sharaɗin da nauyi. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sa'an nan hukumar zaɓe ta tantance hannuwan, kana a jefa ƙuri'a cikin kwana 90. A jihar Kogi an gwada har sau biyu. A 2018, ranar da aka tantance masu neman cire Sanata Dino Melaye, waɗanda aka tabbatar ba su kai shida cikin ɗari na masu rajista ba. A 2025 takardar da aka kai a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta zo da hannu 208,132 cikin masu rajista 474,554, hukuma ta ce ba ta cika ba. Tun 1999 ba a taɓa raba wani ɗan majalisar tarayya da kujerarsa ta wannan hanya ba.

In haka ta faru inda mutane ke kwana a gidajensu, ina ga ƙasarmu? Ƙauyuka nawa 'yan bindiga suka tasa, mutanensu suka tare a cikin garin Anka da Gummi? Wa zai koma rumfar zaɓen garin da ya gudo daga cikinsa da dare, domin kawai ya shaida wa ma'aikaci cewa yatsan nan nasa ne?

Har wa yau, sassan nan biyu ba su ambaci shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ba, al'amarinsu yana hannun dokar jiha. Alhali kuwa abin da ya fi taɓa mu yana wurinsu: rumfunan kasuwa da kuɗin da ake karɓa a kansu, da tashar mota, da mahauta, da maƙabarta, da rabonsu na kula da firamare da ɗakin shan magani. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa musu kantomomi. A Nuwamba na shekarar aka yi zaɓensu a Zamfara. Kansila ɗan unguwa ne, an san gidansu, ana haɗuwa da shi a jana'iza da wurin suna. Ba a bukatar hannu dubu ɗari kafin a tambaye shi.

Mu tuna da Bagega. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Allah Ya jiƙansu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Abare da 'Yargalma, masu gari da magidanta suka yarda aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. Amma Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Likitocin MSF suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa cikin ƙasar da ta cuce shi. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, shiru. Sai wasu samari masu ƙungiyar Follow The Money, tare da likitoci da 'yan jarida, suka yi ta maimaita tambaya guda, ina kuɗin Bagega, har aka sake su a farkon 2013 aka yi aikin. Ba wanda aka yi wa kiranye. Na sani da taimakon mutanen waje a ciki, amma abin da suka yi bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwar Gummi ba: a san adadin kuɗi, a san wanda ya riƙe su, a yi ta komawa ƙofarsa.

Ni kaina na yi shekara biyu ina gunaguni a zaure saboda kwalbatin da ruwa ke tsallakewa ya shiga makarantata. Ranar da muka tafi mu bakwai, da liman da sarkin kasuwa, muka nemi a nuna mana ko yana cikin kasafin shekara, sai ma'aikacin ya ce takardar tana wurin wani wanda ya tafi Gusau. Muka tambayi ranar dawowarsa, muka rubuta a gabansa. Laraba mai zuwa za mu koma, in Allah Ya yarda, wannan karo da mutum goma. Wassalam.