A Tambayi Baran Sarki

Ƴan'uwa, akwai wani irin wasan sinima da Turawa ke so ƙwarai. Sai a ɗauko ɗan sarki na zamanin da, a jefo shi cikin zamaninmu. Ya ga mota ya firgita, ya ga wutar lantarki ya ruɗe. Ana dariya, har wata mace ta kamu da son shi saboda ladabinshi. Dariyar halal ce, amma akwai ƙarya a ƙarƙashinta.

Ku dubi wasan Kate & Leopold da aka yi a Amurka a 2001. Leopold basarake ne na shekarar 1876, ya faɗo birnin Niyok na yau. Ɓarawo ya fizge jakar Kate, ya hau doki ya bi shi. Daga ƙarshe Kate ta bar aikinta, ta bi shi zuwa 1876. Wai daɗi ke nan! To, a 1876 macen Niyok ba ta jefa ƙuri'a. Sai a 1920 dokar Amurka ta ba matan ƙasar duka wannan haƙƙi. Shi kuwa Leopold, gidansu ya talauce, ana matsa mishi ya auri mai kuɗi. Wa ke wanke mishi riga? Wa ke share bargar dokinshi? Ba su ne taurarin wasan ba.

Wasan Faransa Les Visiteurs, na 1993, ya fi faɗin gaskiya. Basarake Godefroy da baranshi Jacquouille sun taso daga shekarar 1123. Basarake ya matsu ya koma gida. Bara fa? Ya ga talaka na cin abincinshi ba mai bugunshi, ya ga jikan jikanshi ne ke riƙe da gidan sarautar. Sai ya yi dabara, ya ƙi komawa.

Wani zai ce: ai mutanen da sun fi mu ladabi. Ladabi abu ne mai kyau, mu riƙe shi. Amma ba sai mun koma zamanin da talaka bai iya karanta takardar bashinshi ba.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni na ce, kowa zai yabi zamanin da, ya fara tambayar bara. In aka nuna muku irin wannan wasa, ku yi dariyarku. Sa'an nan ku tambayi kanku: da ni aka mayar can, bisa doki zan zauna, ko ni zan riƙe linzami?