Sakacinka Ne, Daina Ɗora Wa Ƙaddara

Haba malam! Shagonka na kasuwa kwaɗo biyu ka sa masa, amma wayar da dukiyarka ke ciki ka bar ta a buɗe. In an kwashe kuɗin sai ka tafa hannu ka ce haka Allah Ya so. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan sakacinka ne, kuma dole a faɗa maka.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, lambar wayarka ta zama ƙofar asusunka. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura kowa tiransifa, har mai shayi da mai ƙosai. Ɓarawon da ya fizge maka waya a cikin a-daidaita-sahu bai damu da makullin fuskarta ba. Zare layin yake yi ya sa a ƙaramar waya, ya bi lambobin USSD na bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ajiyarka take. Saƙon OTP ma hannunsa zai faɗo. Kai kana gida kana jimamin waya, kana cewa sai Litinin za ka je a dawo maka da layi, ko banki ba ka kira an toshe asusun ba. Kulle layi da lambar PIN ba ya cin minti biyu, kuma duk wanda ya kuskure ta sau uku layin zai rufe kansa. Ka sa? Ba ka sa ba. Lambar sirrin katinka kuwa shekarar haihuwarka ce, katin kansa yana maƙale a bayan rigar wayar.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na WhatsApp. Baƙuwar lamba ta kira ka, murya mai ladabi, da sallama da ambaton sunan ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai. Wai akwai taro da daddare, an turo maka lambobi shida, ka karanto a yi maka rajista. Saƙon da lambobin suka zo a ciki ya gargaɗe ka kada ka ba kowa, amma ka karanto su tiryan-tiryan. Kafin la'asar an shiga asusunka na WhatsApp, ana bin 'yan uwanka da sunanka da hotonka: ka ranta mini dubu hamsin, manhajar bankina ta tsaya, gobe zan mayar. Gwaggonka da ba ta taɓa hana ka komai ba ita ce za ta fara turawa. Da ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin WhatsApp, da lambobin nan kaɗai ba su isa ɓarawon ya shiga ba.

Ku kuma masu tura mahaɗin "tallafin gwamnati" da "kyautar data" cikin zaurukan dangi, kuna ƙarawa da "ku gwada ko Allah zai sa a dace", ku ji tsoron Allah. Ba ku bincika ba, kun zama 'yan aiken ɗan damfara a kyauta. Babu bankin da zai kira mutum ya tambayi PIN ko OTP, bankunan da kansu sun sha faɗa.

Sannan in abin ya faru sai a yi gum don gudun kunya. Awa uku kana ɓoye cewa an ƙwace maka asusun WhatsApp, ɓarawon kuwa a cikin awa ukun ya gama da zauren dangi ya koma na masallacin unguwa. Ari wayar maƙwabci nan take, ka fara kiran banki, sannan ka bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu kada wanda ya tura ko kwabo.