A Daina Huda Ƙoƙon Kunkuru

A gidaje da yawa akan huda gefen ƙoƙon kunkuru a ɗaure shi da igiya kamar akuya. Wannan zalunci ne. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe yake da haƙarƙari da ƙashin baya, akwai jini da jijiyoyi a cikinsa. Huda tana yi masa zafi, wurin kuma yakan ruɓe. Gara a yi masa shinge mai inuwa, a binne gindin shingen sosai, don kunkuru gwanin haƙa ne.

Lotsawar ƙirjin namiji kuwa halitta ce, kada ta dami kowa. Abin tsoro shi ne ƙoƙon babban kunkuru ya yi laushi. To, a bar shi ya sha hantsi, a ba shi ciyawa da garin ɓawon ƙwai maimakon ragowar tuwo.