Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin Da Bincike Ya Tabbatar Game Da Warkewa

A watan Mayu na shekarar 2023 Miladiyya wakilan ƙasashe suka hallara a Janiba ta ƙasar Suwizalan, wurin babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, suka zartar da shawara cewa aikin farfaɗo da wanda ciwo ya naƙasa ya shiga cikin tsarin asibitocin kowace ƙasa. Wannan ne karo na farko da taron ya keɓe wa mas'alar shawara tata ta kanta. Sa hannu a takarda ba wuya. Wuyar tana ga sanin abin da ake nufi da farfaɗowa, musamman ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da kuma wanda zai ɗauki nauyinta.

Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini takan toshe ko ta fashe, sai yankin da take shayarwa ya mutu. Hannun da ya saki ba shi ne ya lalace ba, mai ba shi umurni ne ya faɗi. Magabatan likitoci sun daɗe bisa ra'ayin cewa hanyoyin ƙwaƙwalwar baligi a kafe suke, abin da ya rushe ya rushe ke nan. Sai a 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, ya nuna a jikin birai cewa idan aka tilasta wa hannun da ya raunana ya riƙa tsintar ƙwayar abinci daga ƙananan ramuka, yankin ƙwaƙwalwa da ke maƙwabtaka da raunin yakan riƙe aikin hannun, alhali idan aka bar shi kara zube yankin ma raguwa yake yi. Watau maimaitawa ita ce maganin.

To, amma sau nawa? Dabbobin gwaji sukan maimaita motsi ɗaruruwa a yini. Da Catherine Lang da abokan aikinta suka ƙirga a asibitocin Amurka da Kanada a 2009, sai suka tarar majiyyaci yana maimaita aikin hannu kimanin sau 32 kacal a zama guda. Almajirin da ya biya allonsa sau biyu ya jingine, ba a tsammanin hadda daga gare shi. Shekara uku kafin haka, a 2006, an buga sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 222 waɗanda ciwon ya yi wata uku zuwa tara a jikinsu. Aka sa wa hannun mai lafiya safa mai kauri har mako biyu, aka yi ta horar da shanyayyen har sa'a shida a yini. Suka fi 'yan'uwansu samun sauƙi, bayan shekara guda kuma ribar tana nan.

Lokaci ma yana da hukunci, kuma gaggawa ba ta biya ba. A 2015 gwajin da Julie Bernhardt ta Ostareliya ta jagoranta kan mutum 2,104 ya nuna cewa waɗanda aka tayar daga gado tun cikin yinin farko, aka yawaita musu motsi, 46 cikin ɗari ne suka samu kyakkyawan sauƙi, waɗanda aka bi da su yadda aka saba kuwa 50 cikin ɗari. Sa'an nan a 2021 wani ƙaramin gwaji a Washinton kan mutum 72 ya ƙara wa majiyyata sa'a ashirin ta horon hannu a lokuta dabam-dabam. Waɗanda suka samu ƙarin a wata na biyu zuwa na uku su suka fi amfana, waɗanda suka samu bayan wata shida kuwa sa'a ashirin ba ta yi musu wani tasiri ba. Kasuwar tana da ranar ci.

A nan ya kamata a yi hattara da masu tallar magani. Galibin majiyyata sukan samu wani sauƙi da kansu cikin makonnin farko, saboda haka duk abin da aka shafa ko aka sha a lokacin shi ke kwashe yabo. Likitoci ma sun faɗa wannan rami. A 2011 wani gwaji a Faransa kan mutum 118 ya sa aka yi zaton ƙwayar fluoxetine tana mayar da motsi. Da aka sake gwada ta a Birtaniya kan mutum fiye da 3,000, sai ga shi ba ta ƙara kome ba wajen warkewa, karayar ƙashi ma ta ƙaru.

Gwajin da ya fi dacewa hukumomin ƙasashe matalauta su yi nazarinsa shi ne na Indiya, wanda aka buga a 2017. Ma'aikatan gashi sun yi kaɗan, sai aka ce a koya wa iyali su yi aikin a gida, ga arha ga sauƙi. Aka gwada kan mutum 1,250 a asibitoci 14. Bayan wata shida, 47 cikin ɗari sun rasu ko suna dogara ga wani, haka a ɓangaren da aka koya wa iyali, haka a ɗaya ɓangaren. Ba a ce iyali ba su da amfani ba. Abin da ya bayyana shi ne koyarwar 'yan sa'o'i ce aka yi musu, horon da majiyyaci ya riƙa samu a gida kuwa bai wuce kimanin rabin sa'a a yini ba. Gwamnatin da ta ce ta cika alkawarin Janiba da takardar umurni da aka miƙa wa uwargida ranar sallama, to, ta ɗauki hanyar da aka riga aka gwada ba ta ɓulle ba.

Al'amarin kuwa ya iso ƙofar gida. Binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokansa suka buga a 2018, wanda aka tattara daga asibitocin Nijeriya da Gana har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini shi ne babban sanadi, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na majiyyatan bai kai shekara hamsin ba. Waɗannan masu rumfa ne a kasuwa, masu iyali a wuya. Idan ma'aikacin gashi yana babban birni kaɗai, kuɗin mota kuma ya gagara, watanni ukun farko sukan ƙare ne majiyyaci yana kwance a ɗaka, ana ba shi abinci a baki, lafiyayyen hannun yana yi wa shanyayyen dukan aikinsa.