Zauren Lafiya: Zugazugin da ke cikin ƙirjinmu

Kowace shekara idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, tari da sarƙewar numfashi kan yawaita a gidajenmu na Zango, balle ga 'yan'uwanmu masu dako a tashar jirgin ruwa ta Lome, waɗanda ke wuni cikin ƙurar siminti da hayaƙin manyan motoci. Don haka muka ga ya dace mu duba yadda numfashin kansa ke gudana.

Da yawanmu na zaton huhu ne ke jawo iska da ƙarfinsa, alhali ba shi da tsokar wannan aiki. Wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, wadda likitoci ke kira diyafaram. Idan ta matsa ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, sai fili ya ƙaru a ƙirji, matsin iskar ciki ya gaza na waje, iska ta kwararo ta cike gurbin. Da ta saki, ƙirji ya koma, matsin ya ƙaru, iska ta fita. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya kalli zugazugi, ya riga ya ga misalin. Robert Boyle ya bayyana ƙa'idar a Ingila tun 1662. Babban mutum yana hutawa kan shaƙi wajen rabin lita, sau 12 zuwa 20 a minti.

To, ina amfanin sanin wannan? Idan buhu ya faɗo wa mutum, ko ya yi hatsarin zemijan haƙarƙari ya karye, iska na iya shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji, huhun ya tsuke. Ɗaure ƙirji tamau da zani, kamar yadda muka saba, yana ƙara hana shi buɗewa. Asibiti za a nufa, ba wurin mai ɗori ba.

Ku kuma iyaye mata, ku ɗaga rigar yaro mai tari yana kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa minti guda. Ɗan wata 2 zuwa 11 idan ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, alamar ciwon huhu ce. Idan kuwa ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin shaƙa, tsokar tana ja ne amma iska ba ta isa. Kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin.