MASU KAMUN ƘAFA DA MASU BA GWAMNA SHAWARA

Akwai wata sana'a da samarin Kankiya da Kusada masu ilimin boko suka sa wa ido yanzu fiye da malanta ko aikin asibiti, wato zama mai ba Gwamna shawara kan tattalin arziki, ko kuwa mai kamun ƙafa a ofisoshin Katsina don a sa wani aiki cikin kasafin kuɗi. Mu dai ba mu ce sana'ar haramun ce ba. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 196, ya ba Gwamna ikon naɗa masu ba shi shawara na musamman, Majalisar Dokoki kuma ita ke yanke yawansu. Kamun ƙafa kuwa ya girmi jihar kanta, don tun zamanin En'e duk garin da ba shi da mai faɗa a fada, rijiyarsa ce ta ƙarshe da za a haƙa.

Abin da muke tambaya shi ne, wa waɗannan mutane ke yi wa aiki, kuma da wane mudu za a auna su?

Jama'a, ku dubi abin da ke gabanmu. Kankiya na cikin ƙananan hukumomi bakwai na Lardin Katsina tun 1976, shekara 11 kafin a cire jihar daga Kaduna a 1987. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, motocin hatsi da na dabbobi na ratsa ta dare da rana, haka kuma Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada. Ba a rasa 'yan boko a garuruwan nan ba, ba a rasa masu shiga gidan Gwamnati ba tare da an tsayar da su a ƙofa ba. To, ina amfanin? Masana'antar ƙarafa ta Kankiya, wadda aka gada daga tsohuwar Jihar Kaduna, ta shafe shekaru da yawa a rufe, gwamnati bayan gwamnati na alkawarin tayar da ita. Madatsar ruwa ta Zobe, can wajen Dutsin-Ma, an gama ta a 1983, amma sai a 2021 aka buɗe kashin farko na aikin ruwan shanta. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama madatsar ya yi aure ya aurar kafin wannan rana! A duk tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa rasa masu ba da shawara ba, kuma ba wanda aka taɓa tsayarwa a gaban jama'a aka ce ya faɗi shawarar da ya bayar.

Nan gizo ke saƙar. Malamin makaranta in ɗalibansa sun faɗi jarrabawa kowa ya sani. Dillalin shanu a kasuwar Charanci in ya ci amana ba mai sake ba shi igiya. Amma mai shawara kan raya ƙasa, shi aikinsa a bayan labule yake: ya rubuta takarda, a yi taron masu zuba jari irin wanda aka yi a Katsina a 2016, a ɗauki hotuna, a watse. Mai kamun ƙafa kuwa sau da yawa ɗan kwangila ne ke biyansa, shi ya sa za ka ga an fi son sabon gini a kan gyaran tsohon famfo, don a sabon gini ake samun la'ada.

A Amurka, inda wannan sana'a ta fi ƙarfi, sun yi doka a 1995 wadda ta tilasta mai kamun ƙafa a majalisar tarayyarsu ya yi rajista, ya faɗi wanda ya ɗauke shi, da abin da aka biya shi, da maganar da yake bi. Ba mu ce dokar ta kawar da cin hanci a can ba, amma aƙalla ɗan jarida na iya buɗe littafi ya ga suna. Mu a nan ko littafin babu.

Saboda haka muna kira ga wakilan Kankiya da Kusada a Majalisar Dokokin Jiha su kawo ƙuduri: duk mai bin ofisoshi da sunan wani gari ko kamfani ya yi rajista, duk mai ba da shawara da ake biya da kuɗin talakawa ya gabatar da rahoton aikinsa kowace shekara, a fassara shi da Hausa, a karanta a gidan rediyo. Ƙananan hukumomin biyu kuma, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, in za su ɗauki mashawarci to su fara tambayar manoma da maƙera da masu kiwo abin da ke damunsu, kuma su liƙa albashinsa a allon sakatariya inda kowa zai gani.