Da wace tiya za a auna gidan ƙasa?

A shekara ta 2020 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take cikinta, ta zartar da wani umurni game da tsimin makamashi a cikin gine-gine. Manufar ba ta da aibi. Gidan da ba ya shan wuta da yawa alheri ne ga mai shi, alheri ne kuma ga ƙasar da take sayen wuta daga maƙwabta. Sai dai duk wanda ya bi tarihin irin waɗannan dokoki ya san inda hanyar take ɓullewa. Tarayyar Turai ta fara da umurni a 2002. Bayan shekara huɗu Faransa ta fito da takardar da ke ba kowane gida daraja, daga harafin A zuwa G. Tun da yake dokokin wannan yanki sun saba kwafo na Faransa har da waƙafi, ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su yi magana tun alƙalami bai bushe ba. Awon da aka ƙera don ƙasar sanyi, in aka ɗauko shi yadda yake, wanda zai fara kayarwa shi ne gidan ƙasa da talaka ya gina da guminsa.

Takardar ta Faransa sunanta DPE. An wajabta ta ga mai sayar da gida tun 2006, ga mai ba da haya kuma tun 2007, tana aiki har shekara 10. Mai awo yakan zo ya duba bango da rufi da tagogi da abin ɗumama ɗaki, ya zuba bayanan cikin kwamfuta, ita kuma ta fitar da harafi. Gidajen F da G an laƙaba musu sunan rariya, wato gidajen da ɗumi ke zurarewa daga cikinsu. Harafin ba ado ba ne. Dokar 22 ga Agusta 2021 ta hana ba da hayar gidan G daga farkon 2025, ta sa wa na F wa'adin 2028, na E kuma 2034. Harafi guda yana iya rage kuɗin gida a kasuwa, ko ya raba mai shi da kuɗin hayar da yake ci da su.

Abin lura shi ne irin gidajen da awon ya fi wahalarwa. Kafin Yulin 2021, gidajen da aka gina kafin 1948 ana auna su ne da takardun kuɗin wuta da gas, wato da abin da mazauna suka sha a zahiri. Daga nan aka soke wannan hanya, aka mayar da kowa kan lissafi ɗaya. Ba a cika wata uku ba hukuma ta nemi a dakatar da awon gidajen da suka girmi 1975, domin sakamakon ya fito a karkace, sai a watan Nuwamba aka ci gaba. Tsofaffin gidajen dutse, da gidajen ƙasa da ke cike da ƙauyukan tsakanin Liyon da Garanobul, da rumbunan da aka mayar gidajen kwana, duk sun sha wuya a hannun lissafin da ya fi sanin yadda bango ke tare sanyi bisa ga yadda yake ajiye zafi ya sake shi. Wanda kuma ya gyara gidansa da hannunsa yana da ƙarin matsala: in ba shi da takardar shaidar abin da ya sa cikin bango, mai awo ba zai fasa bangon ya duba ba, sai kwamfuta ta ba shi darajar da aka tanada don gidajen zamaninsa. Aikin da aka yi da gaske ya zama kamar ba a yi ba, saboda ba rasit.

Bugu da ƙari, a 2022 masu kare haƙƙin masu saye sun kira masu awo daban-daban zuwa gida ɗaya, suka samu haruffa daban-daban. A farkon 2026 kuma aka sauya adadin da ake ninka wutar lantarki da shi a cikin lissafin, daga 2,3 zuwa 1,9. A cewar gwamnatin Faransa gidaje kusan 850.000 ne ke fita daga sahun rariya da wannan gyara, alhali ba a taɓa ko tubali ɗaya a jikinsu ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa harafin shawara ce ta mutane, ana iya matsa ta gaba ko baya. Akwai ma abin da ya fi shafar Sahel kai tsaye: takardar tana nuna jin daɗin gida lokacin zafi a gefe guda, amma wannan ba ya shiga cikin harafin. Faransa da kanta ba ta auna tsibiran Gwadalup da Martinik da tiyar Paris. Suna da nasu awon. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, a ɗauko wannan awo a kai shi Maraɗi ko Damagaram. Yawancin gidaje a nan masu su ne ke gina su, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon abin da damina ko fatauci ya kawo. Bana a zagaye fili, baɗi a tada ɗaki biyu, in yaro ya isa aure a ƙara masa nasa. Zaure ya koma kanti, ɗakin ajiya ya koma na haya, bangon ƙasa ya samu fuskar siminti. Ba mai zane, ba rasit, magini ne da ƴaƴan gida da maƙwabta. Mai awon da ya zo da kwamfutarsa hanya biyu gare shi, kowace kuwa ƙarya za ta haifa. In ya ƙirga wutar da gidan ya sha, gidan da ba a ja masa waya ba zai samu A, a yi wa talauci kirarin tsimi. In ya bi lissafin bango, gidan ƙasa marar takarda zai faɗa can ƙasan jeri, akwatin bulo mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki sabuwa ya hau sama.

Wannan rashin adalci ba baƙo ba ne. Tun zamanin mulkin mallaka Faransancin hukuma ya raba kayan gini gida biyu: siminti da ƙarfe da kwano su ne « matériaux définitifs », kayan dindindin, ƙasa kuwa ta wucin gadi ce. Ƙidayar jama'a ma tana jera gidaje daga « dur » zuwa « semi-dur » zuwa « banco », kamar matakan tsani. Ɗan makaranta yakan haɗiye wannan jeri tun bai san ma'anarsa ba, ya girma yana jin kunyar gidan da aka haife shi. Amma hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta a ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844, tana nan tsaye, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Fadar Sarkin Damagaram ta haura shekara 150. Masallacin Yama da ke jahar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ina makarantar bulo da kwano da za ta yi wannan kwana? In aka ɗora harafin G bisa kalmar « banco », tsohuwar raini ce za ta samu hatimin kimiyya.

Magina sun san abin da lissafin bai sani ba. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya riƙe shi sa'o'i, ba ya sakinsa sai bayan rana ta faɗi. Lokacin nan kuwa mutanen gida suna tsakar gida ko bisa soro suna shan iska. Saboda haka tsakar gida da zaure da inuwar dogon yaro da ƙaramar taga duk sassan aikin sanyaya gida ne, ko da yake babu gurbinsu a takardar mai awo. Kwano kuwa, in ba wani abu tsakaninsa da kan mutane, yana zubo zafi nan take. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, kowane malami ya san yadda ajin kwano yake da ƙarfe uku na rana. Irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'ura, su kuma sai da wuta. A Agustan 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba ta maido ta ba sai a 2024. Ko ba yankewa, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Awon da ya ɗauka cewa wuta tana nan kullum wata ƙasa yake aunawa.

Masu kare siminti suna da hujja mai nauyi, ita ce ruwa. Daminar 2024 ta rushe dubban gidajen ƙasa, ta kashe mutane, ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19. Ba a rufe wannan da kirarin al'ada. Sai dai abin da hujjar ke nema shi ne a auna tushen gini, da tudun da aka ɗora shi, da indararo, da yaɓen shekara-shekara, da magudanar unguwa. Gidan da aka gina a kwari ko aka bar shi ba yaɓe zai faɗi. Maganinsa a gyara wurin da kulawar. Hanyoyin ma suna nan. Ginin da ba itace, mai rufin baka da ƙubba, an fara koyar da shi a Nijar tun 1980. Mariam Issoufou ta gina gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa matsattse, sannan a Dandaji, a 2018, ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi.

Awo kansa abu ne mai amfani, domin mai haya yana da haƙƙin ya san ko ɗakin da zai biya tanda ne. Abin da ake nema shi ne tiyar gida. Tambaya ta farko ta zama: in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, nawa zafin ɗaki yake da rana, nawa da dare? Ta biyu: yaya gidan zai yi da ruwan Agusta? A ƙirga inuwa da iska da tsakar gida. A karɓi shaidar magini da ganin ido a madadin rasit, a zaunar da sarakunan magina cikin masu tsara ƙa'idar. A kuma cire kalmar « définitif » daga takardun fili da na gini.

Malamai ba sai sun jira hukuma ba. Ma'aunin zafi ba shi da tsada. Aji guda yana iya auna ɗakin ƙasa da ɗakin kwano sau uku a yini, daga Maris zuwa Yuni, ya rubuta sakamakon da Hausa da Faransanci. Ƙungiyoyin al'adu su zauna da tsofaffin magina su rubuta yadda ake haɗa makuba da laso, da yadda ake ɗaurin guga, tun masu sanin suna raye. Ranar da masana suka zo da lissafinsu, sai su tarar da alkaluman Maraɗi da Tawa da Damagaram suna jiransu bisa tebur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya kamata a fara tambaya.